Abin Da Allurar Botox Ke Yi Wa Fuska Da Abin Da Ake Jingina Mata

Idan hirar allurar goge tamojin fuska ta taso, a gidan biki ne ko a zauren WhatsApp, nan da nan ake rabuwa gida biyu. Wasu su ce guba ce tsagwaronta ake ɗura wa mutum, fuska ta sandare ba dariya ba fushi, ranar da aka daina kuma fatar ta zube gaba ɗaya. Wasu kuwa tuni suka sa ta a sahun dilka da halawa da lalle: a je wajen mai gyaran jiki, a biya, ta soka, a gyara ɗaurin ɗankwali a kama hanya. Duka ɓangarorin biyu sun kauce, amma kaucewar tasu ba nauyi ɗaya ba ce. Wadda ta tsorata ta ƙi yi ba ta yi asarar komai ba, domin tamoji bai taɓa kwantar da kowa a asibiti ba. Wadda ta raina allurar har ta miƙa fuskarta ga duk wanda ya riƙe sirinji, ita ce ake iya kwasa ranga-ranga.

Masu cewa guba ce ba ƙarya suka yi ba. Sinadarin da ke cikin kwalbar dafi ne da wata ƙwayar bakteriya mai suna Clostridium botulinum ke fitarwa, kuma a cikin duk dafin da ɗan Adam ya sani babu wanda ya kai shi ƙarfi. Tun tsakanin 1817 da 1822 wani likita a kudancin Jamus, Justinus Kerner, ya yi rubutu kan mutanen da suka ci ɗuren nama da ya lalace, idanunsu suka rufe, haɗiya ta gagara, numfashi ya tsaya alhali hankalinsu garau. A 1895 irin wannan ta auku a ƙauyen Ellezelles na Beljiyam, inda makaɗan da suka yi wasa a wajen wata jana'iza suka ci naman da aka adana da gishiri, uku daga cikinsu suka mutu. Daga ragowar naman nan ne Farfesa Emile van Ermengem na jami'ar Ghent ya gano ƙwayar cutar. Abin lura shi ne Kerner tun a zamaninsa ya yi hasashen cewa abin da ke kashe tsoka haka, in aka iya auna shi ƙanƙani, zai yi amfani ga tsokar da ta ƙi hutawa.

Sai bayan shekara ɗari da hamsin aka tabbatar da hasashen. Alan Scott, likitan ido a San Francisco, yana neman hanyar gyara harara-garke ba tare da fiɗa ba. Ya gwada dafin a kan birai, sannan a ƙarshen shekarun 1970 ya fara yi wa mutane. A 1989 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da maganin nasa mai suna Oculinum don harara-garke da kuma ciwon da ke sa fatar ido ta riƙa damƙewa da kanta. Kamfanin Allergan ya saye shi, ya sauya masa suna zuwa Botox. Maganar kwalliya daga baya ta shigo, kuma daga bakin maras lafiya ta fito. A 1987 a Vancouver ta Kanada, wata mata da likitar ido Jean Carruthers ke yi wa allurar saboda damƙewar fatar ido ta faɗa mata cewa duk lokacin da aka soka mata kusa da gira, layukan da ke tsakanin girarta sai su ɓace. Likitar ta kai labarin ga mijinta Alastair, wanda likitan fata ne, suka bi diddigi, suka wallafa sakamakon a 1992. FDA ba ta ba da izinin amfani da shi don tamojin tsakanin gira ba sai a 2002, na gefen ido a 2013, na goshi a 2017.

To, ta yaya dafi mafi ƙarfi ya zama abin da ake yi wa miliyoyin mutane duk shekara su koma gida lafiya? Amsar tana ga awo da kuma inda aka sa shi. Tsoka ba ta motsi sai jijiya ta sakar mata wani sinadari da ake kira asetilkolin. Dafin yana shiga bakin jijiyar, ya yanke wani furotin da ke buɗe hanyar fitar sinadarin, saƙo ya daina isa, tsokar ta saki. Kwalbar Botox mai yunit 100 abin da ke cikinta na dafin bai wuce nanogiram biyar ba, shi kuwa nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram guda. Don tsakanin gira yunit 20 ake amfani da shi, a raba shi wuri biyar. Galibi wannan ɗan awo yana zama a tsokar da aka sa shi da abin da ke dab da ita. Ba ya taruwa a jiki shekara bayan shekara kamar yadda ake yaɗawa. Jijiyar tana gyara kanta, cikin wata uku zuwa huɗu motsi ya dawo.

Wanda ya fahimci wannan, rabin ruɗanin ya warware masa. Allurar ba ta taɓa fata. Ba ta ƙara mata haske, ba ta cike rami, ba ta ɗaga kuncin da ya sauko, ba ta goge tabon ƙuraje. Tsoka kawai take kwantarwa. Saboda haka tamojin da take magancewa shi ne wanda motsi ke haifarwa: layuka biyun da ke tsaye tsakanin gira idan an haɗe rai, na kwance a goshi idan an ɗaga gira, da waɗanda ke bazuwa a gefen ido idan an yi dariya. Fatar ƙuruciya takan lanƙwashe ta miƙe ba alama. Da shekaru suka tura, kolajin, wato furotin da ke riƙe fata, ya ragu, sai ta zama kamar atamfar da aka daɗe ana ninkewa a wuri ɗaya, ko an warware ta karin yana nan. Allurar tana hana ci gaba da ninkin, kuma karin da bai yi zurfi ba yakan sassauta. Wanda ya riga ya zauna da zurfi, ana ganinsa ko fuska na hutawa, ba zai ɓace da wannan allura kaɗai ba. Haka layukan da suka sauko daga gefen hanci zuwa gefen baki: asalinsu saukowar kitsen kunci ne da sakin fata, kwantar da tsoka ba ya yi musu komai, in ma aka soka a nan ba bisa ƙa'ida ba murmushi ne zai karkace.

Nan ne ake cakuɗa ta da wata allurar daban, wato allurar ciko. A bakin jama'a duk allurar fuska Botox ce, har in an ga mace da leɓe a kumbure ko kumatu sun yi tudu sai a ce Botox ta yi. Botox ba ya tayar da tudu irin wannan. Ciko wani abu ne mai kauri da ake turawa ƙarƙashin fata ya cike gurbi, mafi yawansa daga sinadarin hayaluronik, irin su Restylane da Amurka ta amince da shi a 2003 da Juvederm a 2006. Ana cewa yana kai wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi, kodayake hotunan na'urar MRI sun nuna yakan daɗe a wasu fiye da haka. Haɗarinsa ma daban ne, kuma a ganina ya fi na Botox ban tsoro. Idan bakin allura ya faɗa cikin jijiyar jini, cikon ya toshe ta, fatar wurin tana iya mutuwa, in kuma ya bi hanyar da ke kai jini ga ido mutum na iya makancewa nan take. Hanci da tsakanin gira da goshi su ne wuraren da aka fi samun haka. Ciko na hayaluronik yana da makari, wani magani mai suna hayaluronides da ke narkar da shi, shi ya sa ƙwararru ba sa fara aiki sai yana kusa da hannunsu. Ruwan silikon da wasu ke ɗurawa a ɓoye ba shi da makari ko kaɗan, sai dai fiɗa, fiɗar ma ba kullum take kwashe shi duka ba. Duk wanda zai soka wa mutum allura a fuska ya kasa faɗin wanne ne cikin biyun nan yake riƙe da shi, da sunansa da kamfaninsa, bai cancanci a zauna masa ba.

Zancen sandarewar fuska yana da tushe, domin kowa ya ga wasu taurarin fina-finan waje da goshinsu ba ya motsi. Wannan aikin yawan awo ne, ko kuma abin da mai fuskar ya nema da bakinsa. Waɗanda aka yi wa daidai ba a gane su, don haka ba sa shiga lissafin masu kallo, sai waɗanda aka zarce wa ake gani a yanke hukunci da su. Fuska tana da tsokoki da yawa, wasu na ja sama wasu na ja ƙasa, kuma tsokar goshi ita kaɗai ce ke ɗaga gira. Idan aka kwantar da ita gaba ɗaya a wurin wadda dama fatar idonta ta fara nauyi, girar za ta sauko, ta fito kamar mai jin barci, ga goshi sumul amma fuskar ta fi da nuna gajiya. Idan aka kwantar da tsakiya aka bar gefe, wutsiyar gira ta ɗage sama. Idan kuma maganin ya silala zuwa tsokar da ke buɗe ido, fatar ido ɗaya ta faɗo ta rufe rabinsa. A gwajin da aka yi kafin amincewar 2002 kusan mutum uku cikin ɗari ne suka sami wannan. Yakan warware cikin makonni, akwai maganin ɗigawa da ke ɗan ɗaga fatar kafin nan, amma babu allurar da za ta janye Botox bayan ya shiga. Sai jira. Taɓawa kuwa ana ji, zafi da sanyi ana ji, domin ba jijiyar ji yake kamawa ba.

Wata magana da ta yaɗu ita ce in an fara ba a dainawa, in an daina fuska ta fi da lalacewa. Babu hanyar da dafin zai yi haka. Idan ya gama aiki tsoka ta farfaɗo, layuka su dawo inda suke, a haɗa da ɗan tsufan da watannin suka ƙara. Abin da ke faruwa a ido ne: wadda ta saba ganin goshinta a miƙe a madubi, ranar da layin ya dawo sai ta ga kamar ya ninka. Wanda ya yi shekaru ana yi masa, tsokar wurin takan ɗan sirance saboda rashin aiki, ta kuma murmure a hankali bayan an bari. Maganin ba ya sa maye, jiki ba ya nemansa kamar yadda yake neman taba ko kodin. Amma akwai kamu na zuciya, kuma bai kamata a yi wasa da shi ba. Akwai masu lalurar da ke sa mutum ya riƙa ganin muni a jikinsa inda kowa bai gani ba, ya wuni a gaban madubi, a gyara nan ya koma can. Irin waɗannan mutane, allura ba ta gamsar da su, taimakon likitan ƙwaƙwalwa suke buƙata. Mai sana'ar da ke lissafin kuɗi kawai zai yi ta soka musu, likita na gari zai ce a'a.

Kishiyar wannan ruɗani shi ne na masu zaton sau ɗaya ake yi a huta, ko kuma a tashi daga kujera a ga canji. Sai bayan kwana uku zuwa biyar ake fara ganin alama, cikakken aiki sai mako biyu. Uwar amaryar da ta je ana jibi kamu ba za ta ga komai ba ranar taro, ƙila ma ɗan kumburi ko taruwar jini ne zai fito mata a hoto. Bayan wata uku ko huɗu kuma sai a sake biya, shekara bayan shekara. Wannan lissafi ne da ya kamata a yi kafin allurar farko. Ba a kuma so a riƙa maimaitawa ƙasa da wata uku, domin yawan awo da yawan kusantawa na iya sa garkuwar jiki ta gane maganin ta riƙa kashe shi. A awon kwalliya hakan ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru asara ce babba, saboda mutum na iya buƙatar wannan magani nan gaba don ciwo na gaske. Su kuwa mayukan shafawa da ake tallatawa da sunan Botox, da abin da gidajen gyaran gashi ke kira Botox na gashi, babu dafin a cikinsu. Ƙwayar sinadarin ta yi girman da ba za ta ratsa fata don an shafa ba, gashi kuma ba shi da tsokar da za a kwantar.

Abin da ya fi damuna a 'yan shekarun nan shi ne tallan da ake yi wa 'yan mata masu shekara ashirin da 'yan kai a Instagram da TikTok, cewa su fara tun yanzu don rigakafi. Hujjar da aka fi kafawa rahoto ne na 2006 kan wasu tagwaye mata, ɗaya an yi shekara 13 ana yi mata a kai a kai, ɗayar sau biyu kacal, aka ga goshin ta farkon ya fi santsi. Mutum biyu ne fa. A hankalce tsokar da ba ta motsi ba za ta karya fata ba, amma wannan bai isa a ɗora wa yarinyar da ba ta da layi ko ɗaya allura sau uku a shekara har tsawon rayuwarta ba. Ingila ta ga inda abin ya dosa, tun Oktoban 2021 ta haramta yi wa wanda bai kai shekara 18 ba Botox ko ciko don kwalliya.

Ga mu masu baƙar fata kuwa akwai ƙarin magana. Sinadarin melanin da ya ba fatarmu launi yana tare wani kaso na hasken rana mai lalata kolajin, shi ya sa tamoji ke jinkirin zuwa mana idan aka kwatanta da Turawa, waɗanda su ne mafi yawa a gwaje-gwajen farko na wannan allura. Tsufan fuskarmu ya fi bayyana ta tabo da rashin daidaiton launi da saukowar kunci, kuma duk cikinsu babu wanda Botox ke taɓawa. Abin takaicin shi ne yawancin tamojin wuri da ake gani a fuskokin matanmu daga man bilicin yake. Mayukan da ke ɗauke da sitiroyid irin kulobetasol suna sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, haidurokwinon in an daɗe ana shafawa yana barin baƙin tabo mai wuyar fita, ga kuma masu sinadarin makyuri da ke taɓa ƙoda. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Wadda ta kware wa fatarta kariya da waɗannan mayuka sannan ta shiga ranar Kano ko Sakkwato ko Damagaram, in ta je neman allura ta tsallake tushen matsalar. Abin da bincike ya tabbatar yana rage tsufan fata ba shi da tsada haka: a garin Nambour na Ostireliya an bi mutum kusan 900 tsawon shekara huɗu da rabi, sakamakon da aka wallafa a 2013 ya nuna masu shafa man kariyar rana kullum fatarsu ta fi jinkirin tsufa. Barin taba da shisha ma yana cikin lissafi.

Akwai kuma tambayar addini, wadda mai karatu Musulmi ba zai tsallake ba. A 2006 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana amfani da Botox don kwalliya, tana mai nuni da shakku kan abin da ake haɗa shi da shi da kuma yawan jabu, ta bar ƙofa ga larurar magani. A 2007 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya kan tiyatar kwalliya, ta tafi a kan cewa ba a cire tamoji da fiɗa ko allura sai in lalura ce kuma an aminta daga cutarwa. Akwai malaman da suka sassauta bisa cewa abin na wucin gadi ne. Wannan fage na malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya aminta da iliminsa. Abin da zan ƙara shi ne a kai musu bayani daidai. Takardar da ke tare da kwalbar Botox abu uku ta lissafa: dafin, gishiri, da furotin albumin da ake tacewa daga jinin ɗan Adam. Dysport, wani nau'in wannan allura na wani kamfanin, yana da ƙarin sukarin madara, shi ya sa ake hana masu borin jini da nonon saniya.

Kada kuma hukuncin kwalliya ya shafi marasa lafiya. Wannan magani dai shi ake yi wa yaron da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa ƙafafunsa suka ƙage, da dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta dunƙule wa hannu, da mai wuyan da ke murɗewa gefe ɗaya. FDA ta amince da shi don zufar hammata mai tsanani a 2004, don ciwon ɓarin kai mai naci a 2010, don mafitsarar da ba ta riƙe fitsari a 2013. Zai zama abin baƙin ciki uba ya hana a yi wa ɗansa allurar da za ta taimaka masa ya taka, don kawai ya ji sunanta a bakin masu gyaran fuska.

Yanzu ga kuskuren da ke kai mutane ɗakin kulawa ta musamman, wato ɗaukar cewa tunda allurar ƙarama ce, minti goma an gama, kowa ma zai iya. Duk amincin da na bayyana a baya ya rataya ne a kan sharaɗi biyu: abin da ke cikin kwalbar na gaske ne da aka auna a masana'anta mai lasisi, hannun da ke riƙe da sirinji kuma ya san tsokar fuska ɗaya bayan ɗaya. In ɗaya ya faɗi, dafin ya koma asalinsa. A ƙarshen 2004 a jihar Florida wani likita da aka dakatar da lasisinsa ya yi wa kansa da mutum uku allura da ɗanyen dafin da aka yi don binciken ɗakin gwaji, ba don mutane ba. Su huɗun duka suka shanye, suka daɗe a kan na'urar numfashi kafin su farfaɗo. A farkon 2023 gwamman mutane, da yawansu daga Jamus, sun kamu da cutar dafin bayan an yi musu allurarsa a bangon ciki don rage ƙiba a Istanbul da Izmir na Turkiyya. A 2024 hukumomin lafiyar Amurka sun bi sawun mata a jihohi da dama da suka kwanta bayan an yi musu allura a gidaje da wuraren gyaran jiki, aka sami kwalaben jabu, wasu an rubuta musu yunit 150, awon da kamfanin Botox ba ya yi. A tsakiyar 2025 Ingila ta sami kusan mutum 40 da irin wannan, farawa daga arewa maso gabashin ƙasar, kuma bincike ya kai ga maganin da ba shi da lasisi.

Waɗannan ƙasashe ne masu hukumomin sa ido da ƙarfi da asibitocin da ke da makarin dafin a ajiye. Sai mu auna da namu halin, inda ake sayen magani ta waya a aiko shi a mota, inda mai kemis ke allura, inda wadda ta yi kwas na 'yan kwanaki a Dubai ko Alƙahira za ta dawo ta buɗe shago a Abuja ko Legas. Botox na gaske a firji yake zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma bayan an haɗa shi da ruwan gishiri kamfanin ya ce a yi amfani da shi cikin awa 24. A garin da wuta ke ɗaukewa ta wuni, tambayar ina aka ajiye kwalbar ba ƙaramar tambaya ba ce. Wanda zafi ya lalata asarar kuɗi ce kawai, ba zai yi aiki ba. Na jabu shi ne masifa, domin babu wanda ya san yawan dafin da ke ciki, wata kwalbar ba komai, wata ninkin ba ninkin. Ko a cikin na gaske awon ba ɗaya ba ne. Akwai Dysport, akwai Xeomin na Jamus, akwai Jeuveau da Letybo daga Koriya ta Kudu, kowanne da nasa ma'aunin: inda ake sa yunit 20 na Botox, yunit 50 na Dysport ake sawa. Wanda bai san wannan ba zai iya zarcewa ko da kwalbarsa ta gaske ce. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, a nan kuwa farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa alama ce ta a tashi a fita.

Mai niyyar yi yana da haƙƙin ya ga kwalbar a rufe kafin a buɗe, ya karanta suna da lambar rukuni da ranar lalacewa da lambar rajistar NAFDAC, ya kuma tambayi lasisin mai yin daga hukumar likitoci ta ƙasa. Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, shi ma nasa zai yi kafin ya taɓa sirinji. Zai tambaya ko akwai ciki ko ana shayarwa, domin ba a yi wa waɗannan. Zai tambaya ko akwai ciwon raunin tsoka irin mayasteniya, wanda ɗan awo kaɗan ke iya tsanantawa. Zai duba ko akwai ƙurji ko ciwo a wurin da za a soka. Zai tambayi magungunan da ake sha, musamman masu tsinka jini da kuma allurar jentamaisin, wadda ake yawan yi a kemis a garuruwanmu, ita kuwa tana ƙara wa dafin ƙarfi. Wurin da ba a yi ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba, an riga an nuna irin aikin da za a yi.

Tun 2009 FDA ta tilasta wa duk masu yin wannan magani su sa gargaɗi mafi girma a takardarsa, cewa dafin na iya bazuwa nesa da inda aka sa shi. Mafi munin abin da ya jawo gargaɗin ya faru ne ga yara masu ƙagewar gaɓoɓi da aka ba awo mai yawa, ba ga masu gyaran goshi ba, amma alamomin iri ɗaya ne, kuma suna iya zuwa bayan awoyi ko bayan makonni: ganin abu biyu-biyu, fatar idanu duka biyu ta yi nauyi, murya ta dishe, magana ta riƙa sarƙewa, haɗiya ta yi wuya, wuya da hannuwa su mutu, numfashi ya yi sama-sama. Wanda ya ga haka asibiti babba zai nufa a daren, ba wajen wadda ta yi masa allurar ba, ba kuma wajen mai tofi ko kemis ba. Makarin dafin yana tare wanda ke yawo a jini ne kawai, ba ya tayar da tsokar da ta riga ta kwanta, don haka kowace awa tana da muhimmanci, kuma wanda numfashinsa ya gaza sai na'ura ta riƙe shi makonni ko watanni har jijiyoyi su sake tsiro. Da yawa cikin masu yin allurar nan a ɓoye suke yi, miji bai sani ba, uwa ba ta sani ba, kunya kuma na iya sa a yi shiru a gaban likita. Alamomin suna kama da na shanyewar ɓarin jiki da wasu cututtukan jijiya, likitan da ba a gaya masa an yi allurar fuska ba zai iya ɓata kwanaki yana neman ciwon a wani wuri. A faɗa masa ranar da aka yi, da wurin da aka soka, da sunan da ke jikin kwalbar in an gani.